Wariyar Shekaru da Rigingimun Aiki: Halin da Malaman Turanci Baƙi ke Ciki a Ƙasashen Waje

Gabatarwa

Tun bayan yaƙin duniya na biyu harshen Turanci yake ta ƙara samun gindin zama a harkokin ciniki da kimiyya da sufurin jiragen sama. Wannan ya sa ƙasashe da dama waɗanda Turanci ba harshensu ba ne suka shiga ɗauko malamai daga waje domin su koya wa 'ya'yansu shi. Kowace shekara dubban mutane ke barin Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu, su nufi Jafan ko Koriya ta Kudu ko Sin ko wasu ƙasashen Turai, domin yin wannan aiki. Daga nesa aikin yana da ban sha'awa, domin sau da yawa ga albashi, ga gidan kwana, ga kuɗin jirgi, ga kuma buɗe ido. Amma wanda ya matso kusa zai tarar da matsaloli biyu da suka daɗe suna ci wa waɗannan malamai tuwo a ƙwarya. Ta farko ita ce ƙin ɗaukar mutum aiki, ko kuma sallamarsa, don kawai shekarunsa sun ja. Ta biyu kuwa ita ce rigima tsakanin malami da mai makaranta a kan albashi da inshora da kuɗin sallama.

Wannan maƙala za ta duba matsalolin biyu ta yin amfani da abin da masana halayyar ɗan'adam da masana tattalin arziki suka gano, tare da kawo misalai daga Jafan da Koriya ta Kudu da Sin da Italiya. Manufa ita ce mai karatu ya ga yadda masana ke auna wariya ta hanyar gwaji, ya kuma samu amsar wata tambaya da ta shafi duk wanda ya taɓa riƙe alli: shin gaskiya ne malami yana raguwa idan ya manyanta?

Yadda Kasuwar ta Kafu

A shekarar 1987 gwamnatin Jafan ta ƙaddamar da wani shiri mai suna JET, wanda a ƙarƙashinsa ake ɗauko baƙi masu digiri su taimaka wa malaman Jafan wajen koyar da Turanci a makarantun gwamnati. A shekarar farko mutum 848 aka ɗauka daga ƙasashe huɗu, wato Amurka da Birtaniya da Ostireliya da Niyu Zilan. Ya zuwa 2019 mahalarta shirin sun haura 5,000, daga ƙasashe fiye da 50. Ita ma Koriya ta Kudu ta kafa nata shirin mai suna EPIK a 1995.

Baya ga makarantun gwamnati, akwai kuma makarantu masu zaman kansu waɗanda ake zuwa bayan an tashi daga makaranta ko daga ofis. A Jafan ana kiran irin waɗannan makarantu na koyon hira da Turanci “eikaiwa”, a Koriya kuma ana kiran makarantun ƙarin darasi “hagwon”. Wajibi ne a fahimci cewa waɗannan makarantu kasuwanci ne. Iyaye ko ɗalibai ke biya, kuma duk ranar da suka ga dama sai su koma wata makarantar. Saboda haka baƙon malami yana da aiki biyu a idon mai makaranta: yana koyarwa, sannan fuskarsa ita ce tallar makarantar.

Akwai kuma wani ra'ayi da kasuwar ta ginu a kansa, wato cewa wanda aka haifa cikin harshe ya fi kowa iya koyar da shi. Masanin harshe Robert Phillipson ya soki wannan ra'ayi a 1992, ya nuna cewa iya magana da harshe daban, iya koyar da shi daban. Duk da haka ra'ayin ya shiga dokoki. Alal misali, bizar da Koriya ta Kudu ke bayarwa don koyar da Turanci, mai lamba E-2, a bisa ƙa'ida ta 'yan ƙasashe bakwai ce: Amurka da Kanada da Birtaniya da Ailan da Ostireliya da Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Da zarar an fara zaɓen malami bisa fasfonsa da kamanninsa, to hanya ta buɗe ta zaɓensa bisa ranar haihuwarsa.

Mece ce Wariyar Shekaru, Kuma Yaya Ake Auna Ta?

Wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke mai suna Robert Butler ne ya fara raɗa wa wannan ɗabi'a suna a 1969, inda ya kwatanta ta da wariyar launin fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a kanta a 2021, ta kasa ta gida uku: abin da muke zato game da mutum saboda shekarunsa, da abin da muke ji game da shi a zuci, da kuma abin da muke aikata masa. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin kowane biyu a duniya yana ɗauke da ra'ayin raina tsofaffi.

To amma yaya za a tabbatar cewa shekaru ne suka hana mutum aiki, tunda ba kasafai mai ɗaukar aiki ke faɗa da bakinsa ba? A nan ne dabarar gwaji ta kimiyya ke amfani. Ƙa'idar gwaji ita ce a riƙe komai yadda yake, a sauya abu ɗaya tak, sannan a duba sakamako. Masu bincike sukan shirya takardun neman aiki na mutanen da babu su, masu ilimi da ƙwarewa iri ɗaya, sai dai shekarunsu sun bambanta. Sai su aika wa kamfanoni, su ƙirga waɗanda aka kira ganawa. Idan an fi kiran matasa alhali komai daidai yake, to shekarun ne dalili.

Gwaji mafi girma na wannan nau'i shi ne wanda David Neumark da Ian Burn da Patrick Button suka gudanar a Amurka, aka buga cikakken sakamakonsa a 2019. Sun aika takardu fiye da 40,000 da sunan mutane rukuni uku: 'yan shekara 29 zuwa 31, da 'yan 49 zuwa 51, da 'yan 64 zuwa 66. Sun gano cewa an fi kiran matasa, kuma wariyar ta fi tsanani a kan mata. Wannan fa a ƙasar da tun 1967 take da dokar da ta haramta nuna wa ɗan shekara 40 zuwa sama bambanci a wurin aiki. Mai karatu zai iya kwatanta yadda lamarin zai kasance a kasuwar da aka saba neman mai son aiki ya haɗa hotonsa da ranar haihuwarsa a takardar farko, kamar yadda ake yi a Jafan da Koriya.

Hanyoyin da Wariyar ke Bi

Wani lokaci iyakar shekarun a rubuce take ƙarara. Shekaru da yawa shirin JET yana sharɗanta cewa mai nema kada ya wuce shekara 35. Daga baya aka ɗaga zuwa 40, kafin daga bisani a janye sharaɗin. Shirin EPIK na Koriya yana karɓar wanda bai kai 62 ba, domin nan ne shekarun ritayar malaman makarantun gwamnati a ƙasar. Su kuwa makarantun hagwon, ba sa buƙatar rubuta komai. Dillalan da ke samo musu malamai sukan tace takardu tun kafin su isa hannun mai makaranta, kuma wanda furfura ta bayyana a hotonsa yakan ji shiru.

A ƙasar Sin kuwa lissafi ake yi. Tun daga watan Afrilu na 2017 ake raba baƙin ma'aikata aji uku, A da B da C, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin tantancewa ita ce ta ba da maki bisa ilimi da albashi da ƙwarewa da iya Sinanci da kuma shekaru. A ɓangaren shekaru, ɗan 26 zuwa 45 ke samun maki mafi yawa, wato 15. Ɗan 46 zuwa 55 yana samun 10, ɗan 56 zuwa 60 yana samun 5, wanda ya haura 60 kuwa ba shi da ko ɗaya. Yawancin malaman Turanci a aji B suke, kuma a bisa ƙa'ida wannan aji na wanda bai wuce shekara 60 ba ne. Ke nan malami na iya shafe shekara ashirin yana koyarwa a gari ɗaya, makarantarsa tana son sa, amma ranar da ya cika sittin sabunta takardar izinin aikinsa ya zama da wuya.

Jami'o'i ma ba su tsira ba. A jami'o'in gwamnatin Jafan an daɗe ana ɗaukar malaman harshe baƙi a wani matsayi na daban, bisa kwantiragin shekara ɗaya da ake sabuntawa, albashi kuma yana ƙaruwa da shekaru. Ivan Hall, wani Ba'amurke da ya koyar a Jafan, ya bayyana a littafinsa mai suna Cartels of the Mind, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1990, yadda Ma'aikatar Ilimi ta umarci jami'o'in a ƙarshen 1992 su rage kashe kuɗi a kan baƙin malaman da ke matakan albashi na sama. Abin da ya biyo baya shi ne ƙin sabunta kwantiragin da yawa daga cikin manyan malaman, aka maye gurbinsu da matasa masu arha. Wasu daga cikin waɗanda aka sallama sun yi aure a ƙasar, 'ya'yansu suna makaranta a can, kuma sun wuce shekarun da za su fara sabon aiki a ƙasashensu cikin sauƙi.

Dalilan da ke Jawo Ta

Masana tattalin arziki sun kawo bayanai da dama, kuma dukkansu ana ganin alamunsu a wannan kasuwa.

Na farko shi ne tsadar ma'aikaci. A tsarin albashin da ke hawa da shekarun aiki, wanda Jafanawa ke kira “nenko”, ana biyan matashi ƙasa da amfanin da yake kawowa, a biya dattijo sama da nasa. Edward Lazear ya nuna a 1979 cewa irin wannan tsari ne ke sa kamfanoni kafa shekarun ritaya na dole. Ma'aikaci ɗan ƙasa mai aikin dindindin yana da kariya har ya kai wancan lokaci. Baƙo mai kwantiragin shekara ɗaya kuwa ana iya rabuwa da shi daidai lokacin da albashinsa ya fara nauyi.

Na biyu shi ne son ran masu saye. Gary Becker ya bayyana a 1957 cewa mai kamfani na iya nuna wariya ko da shi kansa ba ya ƙin kowa, muddin masu sayen kayansa suna da wanda suka fi so. Idan iyaye sun ɗauka cewa malamin Turanci na ƙwarai saurayi ne ko budurwa mai fara'a kamar waɗanda ke jikin allon talla, mai makaranta zai nemo musu irinsu.

Na uku shi ne hukunci da zato. Edmund Phelps ya yi bayani a 1972 cewa idan mai ɗaukar aiki bai san mutum sosai ba, sai ya auna shi da abin da yake zato game da rukunin da ya fito. Yana zaton tsofaffi sun fi rashin lafiya ko ba su iya kwamfuta ba, sai ya ƙi kowane tsoho ba tare da ya gwada shi ba.

Na huɗu kuma, wanda ya haɗa wariyar shekaru da rigingimun aiki, shi ne sauƙin juyawa. Matashin da ya zo shekara ɗaya don buɗe ido ba ya tambayar fansho, bai san dokar ƙwadago ba, kuma idan an cuce shi yakan tattara kayansa ya koma gida. Dattijo mai iyali ya san haƙƙinsa, ya ji harshen ƙasar, yana kuma iya shiga ƙungiyar ƙwadago ko ya garzaya kotu.

Me Kimiyya ta Ce Game da Tsufa da Koyarwa?

Masana halayyar ɗan'adam Raymond Cattell da John Horn sun raba basira gida biyu. Akwai kaifin tunani, wato saurin warware sabuwar matsala da mutum bai taɓa gani ba. Akwai kuma taskar sani, wato kalmomi da ilimi da dabarun da mutum ya tara a tsawon rayuwarsa. Kaifin tunani yakan kai ƙololuwa a ƙuruciya sannan ya riƙa raguwa sannu a hankali, ita kuwa taskar sani tana ci gaba da cika har cikin tsufa.

A 2015 Joshua Hartshorne da Laura Germine suka buga sakamakon binciken da ya haɗa da gwada mutane kusan 50,000 ta intanet. Sun gano cewa kowane fanni na basira yana da lokacin da yake nuna. Saurin sarrafa bayani yana kai ƙololuwa wajen shekara 18 zuwa 19. Riƙe abu a ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci yana kai nasa wajen shekara 25. Iya karanta halin da mutum ke ciki daga fuskarsa ya fi ƙarfi tsakanin shekara 40 da 50 da 'yan kai. Yawan kalmomin da mutum ya sani kuwa yana ƙaruwa har zuwa wajen shekara 65 zuwa 70. Idan aka lura, abubuwa biyun nan na ƙarshe, wato sanin kalmomi da gane ɗalibin da ya rikice tun kafin ya buɗe baki, su ne jarin malamin harshe.

Binciken da aka yi a wuraren aiki ma ya dace da wannan. Thomas Ng da Daniel Feldman sun tattara nazarce-nazarce 380 a 2008, suka ga cewa kusan babu dangantaka tsakanin shekarun ma'aikaci da yadda yake gudanar da ainihin aikinsa, sai dai manya sun fi kiyaye lokaci da taimakon abokan aiki. Game da malamai kuwa, Tara Kini da Anne Podolsky sun duba nazarce-nazarce 30 da aka yi a Amurka, suka bayyana a 2016 cewa ɗalibai sun fi samun ci gaba a hannun malamin da ya daɗe yana koyarwa. Ƙwarewar ta fi saurin ƙaruwa a shekarun farko, amma tana ci gaba da ƙaruwa ko bayan shekara goma, sau da yawa har bayan ashirin.

Wannan ba ya nufin tsufa ba shi da illa. Da shekaru ji yakan ragu, musamman jin sautuka masu sirantaka irin su “s” da “f”, kuma malamin da ke gyara lafazin ɗalibai yana buƙatar kunne mai kyau. Haka nan yini guda ana tsalle da waƙa da yara 'yan shekara huɗu yana buƙatar ƙarfin jiki. Sai dai binciken tsufa ya nuna cewa bambancin da ke tsakanin mutum da mutum yana ƙara faɗi yayin da shekaru ke ja. Akwai ɗan sittin da ya fi ɗan arba'in kuzari da ji. Don haka ranar haihuwa ma'auni ne mai rauni. Hanyar da ta dace da kimiyya ita ce a sa mai neman aiki ya koyar da darasi a gaban masu tantancewa, a auna jinsa da lafiyarsa idan aikin na buƙata, sannan a yanke hukunci.

Rigingimun Wurin Aiki

Yawancin rigingimun suna tasowa ne a bakin wata iyaka da doka ta shata, inda mai makaranta ke ƙoƙarin tsayar da malami dab da ita don kada haƙƙi ya hau kansa. Ga misalai uku.

(a) Awa 29 da rabi. A Jafan, inshorar lafiya da fansho ta ma'aikata, wadda kamfani ke biyan rabin kuɗinta, ta daɗe tana hawa kan wanda ke aikin kashi uku cikin huɗu na lokacin cikakken ma'aikaci. Kashi uku cikin huɗu na awa 40 shi ne awa 30. Sai kamfanoni da yawa suka riƙa rubuta awa 29 da rabi a kwantiragin malamai, ba sa lissafa mintocin da ke tsakanin darussa ko lokacin shirya darasi. An sauya dokar a 2016, aka sauko da iyakar zuwa awa 20 a manyan kamfanoni, sannan aka faɗaɗa ta zuwa matsakaitan kamfanoni a 2022 da 2024. Amma wanda ya yi shekaru ba a zuba masa wannan fansho ba, a tsufansa zai ga giɓin.

(b) Wata na goma sha ɗaya. Dokar Koriya ta Kudu ta ce wanda ya cika shekara ɗaya yana aiki yana da kuɗin sallama daidai da albashin kwana 30 a kan kowace shekara. Wannan ya sa wasu masu hagwon ke ƙirƙiro laifi su kori malami a wata na goma sha ɗaya. Wasu kuma sukan rubuta malami a matsayin ɗan kwangila mai zaman kansa don kauce wa fansho da inshora. A 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke hukunci a shari'ar da wasu malamai baƙi suka kai wani babban kamfanin hagwon, ta ce su ma'aikata ne, tunda kamfanin ke tsara musu lokaci da manhaja, don haka sai a biya su haƙƙoƙin ma'aikata.

(c) Shekara biyar. Tun daga Afrilu na 2013 dokar Jafan ta ba wanda aka yi ta sabunta kwantiraginsa har ya wuce shekara biyar damar neman a mayar da shi ma'aikaci marar wa'adi. An yi dokar ne don kare ma'aikata, amma wasu makarantu da jami'o'i suka mayar da ita dalilin sallama kafin shekara biyar ta cika, ko kuma su ba malami hutun dole na wata shida, wanda ke sa lissafin ya koma farko.

Wata babbar matsalar ita ce karyewar kamfani. Nova shi ne kamfanin eikaiwa mafi girma a Jafan, mai rassa kusan 900 a lokacin ganiyarsa. A watan Afrilu na 2007 Kotun Ƙoli ta haramta yadda yake lissafin mayar wa ɗalibai kuɗinsu, a watan Yuni gwamnati ta dakatar da wani ɓangare na cinikinsa, a watan Oktoba kuma ya durƙushe. Malamai baƙi kimanin 4,000 suka wayi gari babu aiki, da yawansu suna bin albashi, wasu kuma aka kore su daga gidajen da kamfanin ya kama musu haya. Abin da ya rage musu raɗaɗi shi ne tsarin gwamnatin Jafan na biyan kashi 80 cikin ɗari na albashin da kamfanin da ya karye ya gaza biya. A ƙasar Sin ma, dokar da aka kafa a watan Yuli na 2021 ta hana cin riba da ƙarin darasi a manyan darussan makaranta, lamarin da ya rufe makarantu masu yawa, ya kuma raba dubban malaman da ke koyar da yaran Sin ta intanet daga ƙasashen waje da aikinsu.

Akwai kuma inda malamai suka haɗa kai suka yi nasara. Daga Disamba 2007 zuwa Nuwamba 2008 malaman Berlitz a yankin Tokyo sun yi ta yajin aiki suna neman ƙarin albashi na kashi 4.6 cikin ɗari. Kamfanin ya kai shugabannin ƙungiyar kotu yana neman diyyar yen miliyan 110, amma a watan Fabrairu na 2012 kotun Tokyo ta ce yajin aikin halas ne a doka. A Koriya, wata malama 'yar Niyu Zilan ta ƙi amincewa da gwajin cutar ƙanjamau da aka wajabta wa malamai baƙi ban da 'yan ƙasa, sai aka ƙi sabunta kwantiraginta. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata ya ba ta gaskiya a 2015, gwamnati ta janye gwajin a 2017, kotu kuma ta ba ta diyya a 2019.

Shari'ar da ta fi kowace tsawo ita ce ta malaman harsunan waje a jami'o'in Italiya, waɗanda ake kira “lettori”. Dokar 1980 ta taƙaita su ga kwantiragin shekara ɗaya mai iyakar sabuntawa, saɓanin sauran ma'aikatan jami'a. Kotun Tarayyar Turai ta ce wannan wariya ce tun a 1989, ta kuma sake samun Italiya da laifi a 2001 da 2006. Duk da haka, a watan Yuli na 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta sake yanke shawarar kai Italiya kotu saboda ba a gama biyan malaman bashin albashinsu ba. A tsawon wannan lokaci da yawa sun yi ritaya da ƙaramin fansho, wasu kuma sun rasu.

Me ya Sa Doka ba ta Wadatar Ba?

Jafan ta haramta sa iyakar shekaru a sanarwar ɗaukar aiki tun watan Oktoba na 2007, ko da yake dokar tana da togaciya. Koriya ta Kudu ta fara aiki da irin wannan doka a 2009. Dokokin ƙwadago na ƙasashen biyu sun shafi baƙo kamar yadda suka shafi ɗan ƙasa. Sai dai abubuwa uku ke raunana su a aikace. Na ɗaya, cire shekaru daga sanarwa ba ya cire su daga zuciyar mai zaɓe, kuma mutum ɗaya ba shi da halin yin gwaji irin na Neumark don ya kafa hujja. Na biyu, ƙin sabunta kwantiragi ya fi kora sauƙin karewa a gaban kotu. Na uku, a Koriya da Sin izinin zaman malami yana ɗaure da makarantar da ta ɗauke shi, kuma sauya wurin aiki yakan buƙaci takardar saki daga hannun wanda ake rigima da shi. Shari'a na iya ɗaukar shekaru, alhali izinin zama na iya ƙarewa cikin makonni.

Darasi ga Ɗalibai da Malamai

Ɗalibin Nijeriya ko Ghana da ke burin koyar da Turanci a waje ya sani cewa ƙasarsa ba ta cikin jerin ƙasashe bakwai na Koriya, duk da cewa da Turanci ya yi karatu tun daga firamare. Don haka takardar shaidar koyarwa da ƙwarewa ta zahiri su ne za su buɗe masa ƙofa a inda ake duba su. Duk wanda ya samu irin wannan aiki, a kowace ƙasa, ya kamata ya kula da waɗannan:

1. Ya karanta kwantiragi da kyau kafin ya sa hannu, ya duba yawan awoyi, da ko an lissafa lokacin shirya darasi.
2. Ya tabbatar an sa shi cikin inshorar lafiya da fansho, ya kuma riƙa adana takardun albashinsa.
3. Ya shiga ƙasa da bizar aiki ta halas, domin kai ƙara yakan yi wa mai aiki da bizar yawon buɗe ido wuya.
4. Ya riƙe fasfonsa da takardun karatunsa na asali a hannunsa.
5. Ya san ofishin ƙwadago da ƙungiyar ƙwadagon da ke kusa da shi tun kafin rigima ta taso, ya kuma san wa'adin kai ƙara. A Koriya, alal misali, wata uku ne daga ranar kora.

Kammalawa

An ga yadda wariyar shekaru ke bayyana a cikin sharuɗɗan shirye-shiryen gwamnati da tsarin biza da zaɓin masu makarantu, an kuma ga cewa tsada da son ran masu saye da zato su ne ke rura ta. Binciken masana ya nuna cewa sauri yana raguwa da shekaru, amma sanin kalmomi da fahimtar ɗalibi da ƙwarewar koyarwa suna ƙaruwa. Hausawa na cewa abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, kuma a fagen koyar da harshe ma'aunin kimiyya ya goyi bayan wani ɓangare na wannan magana. Makarantar da ke sauya malamai kowace shekara don rage kuɗi tana sa ɗalibanta su riƙa zama a gaban sabon shiga koyaushe, wato a daidai matakin da malami ya fi ƙarancin ƙwarewa. Ɗalibi ne ke ɗaukar wannan asara. Ya rage ga hukumomin ilimi da iyaye su nemi a auna malami da darasin da ya koyar da kuma abin da ɗalibansa suka iya.